DAGA TAKOBIN HAUNI ZUWA ALLURAR LIKITA

Ya kai mai karatu, maganar da na ɗauko yau ba mai daɗin ji ba ce, sai ka yi haƙuri da ni. Magana ce a kan hanyoyin da hukumomin duniya suka bi, tun zamanin da har zuwa yau, wajen ɗauke ran mutumin da shari'a ta ce a kashe. Duk wanda ya bi tarihin nan a tsanake zai lura da wani abu guda, wato kusan duk sa'ad da aka sauya makamin kisa, to da sunan tausayi aka sauya shi. Aka ajiye takobi aka ƙera inji, aka ce tausayi ne. Aka kwance igiya aka jawo wayar lantarki, aka ce tausayi ne. Aka kashe lantarki aka ɗauko allura, nan ma dai tausayi ne. To abin da nake tambaya shi ne, wa ake tausaya wa? Wanda za a kashe ne, ko kuwa mu da muke tsaye muna kallo?

ZAMANIN KISA DON A GANI

Mutanen da ba su da ɓoye-ɓoye a wannan sha'ani. A wurinsu kisa wa'azi ne da ake yi wa talakawa da jikin mai laifi, don haka tilas a yi shi inda kowa zai gani, kuma tilas ya yi muni. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, wannan ita ce dabarar tasu gaba ɗaya.

Sarki Hamurabi na Babila, a ƙasar Iraƙi ta yanzu, ya sa an sassaƙa dokokinsa 282 a jikin dutse wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ciki akwai kisa ta hanyar nutsarwa a kogi, da ƙonawa, da tsirewa. Akwai ma dokar da ta ce in magini ya yi gini ya rushe ya kashe mai gida, a kashe maginin. In kuwa ɗan mai gida ginin ya danne, to ɗan magini za a kashe. Ka ji fa, yaron da bai taɓa ɗora tubali ba.

Rumawa kuwa gicciyewa suka ƙware a kai, kuma bayi da 'yan tawaye suke yi wa. A shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da suka murƙushe tawayen bayi wanda Sifatakus ya jagoranta, sai suka gicciye mutum dubu 6 a gefen babbar hanyar da ta taso daga garin Kafuwa zuwa birnin Rum, domin duk bawan da ya bi hanyar nan ya shiga taitayinsa. A ƙasar Sin akwai hukuncin yanka mutum gunduwa-gunduwa yana da rai, ba a soke shi ba sai a 1905. Turawan Ingila da suka murƙushe boren Indiya na 1857, ɗaure mutum suke yi a bakin igwa su tashi wuta. Mu ma nan ƙasar Hausa sarakunanmu na da suna da hauni, da takobi yake aikinsa a bainar jama'a, shi ya sa har yau in an ambaci sunan sai ka ji gabanka ya faɗi.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a birnin Faris, domin a can ne wannan dabara ta kai ƙarshen muninta. Ran 5 ga Janairu 1757 wani baran gida mai suna Robert Damiens ya kutsa cikin dogarai ya soki Sarki Luwi na 15 da 'yar wuƙar aljihu. Raunin bai taka kara ya karya ba, sarki ya warke sarai. Duk da haka ran 28 ga Maris aka fito da Damiens dandali. Aka ƙona hannun da ya riƙe wuƙar da farar wuta. Aka sa awartaki mai zafi ana yagar namansa, ana zuba narkakkiyar darma da tafasasshen mai a cikin raunukan. Sannan aka ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa a jikin dawaki huɗu aka kore su. Dawaki suka ja suka gaji, gaɓoɓi suka ƙi rabuwa. Aka ƙaro biyu suka zama shida, abu ya faskara, sai da aka sa wuƙa aka yanke jijiyoyi. Bayan haka aka ƙone gawar, aka rushe gidan da aka haife shi, aka kori mahaifinsa da matarsa da 'yarsa daga ƙasar. A wannan rana masu kuɗi hayar tagogin benaye suka yi don su ga kallo da kyau.

To shin tsoron sarauta ya shiga zukatan Faransawa? Shekara 36 bayan wannan rana, a cikin birnin nan dai, jikan sarkin da aka soka shi aka fille wa kai.

LIKITA YA KAWO SHAWARA

Shekara bakwai bayan kisan Damiens, wato 1764, wani saurayi ɗan birnin Milan a Italiya mai suna Cesare Beccaria ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi a kan laifi da hukunci. Abin da ya kafa hujja a kai shi ne, tsananin azaba ba ya hana ɓarawo sata kamar yadda sanin cewa tabbas za a kama shi yake hana shi. Littafin ya zaga Turai kamar wutar daji, har a 1786 mai mulkin Tuskani ya soke hukuncin kisa a ƙasarsa.

Faransa ba ta soke ba, sai ta nemi gyara. Kafin juyin juya hali, ko a mutuwa akwai ɗan sarki akwai talaka. Ɗan babban gida takobi ake sa masa, talaka a rataye shi, ɗan fashi kuwa a ɗaure shi a kakkarya masa ƙasusuwa da sandar ƙarfe a bar shi ya mutu a hankali. Ran 10 ga Oktoba 1789 wani likita ɗan majalisa, Joseph Guillotin, ya miƙe ya ce wannan ba adalci ba ne. Ya ce laifi ɗaya hukunci ɗaya, ko ɗan wane ne. A yi kisa da inji cikin ƙiftawar ido. Kada a ƙwace dukiyar mamaci. Kada abin kunyar ya shafi danginsa. In sun nemi gawa a ba su. Wallahi in ka duba, niyyar mutumin nan kyakkyawa ce.

Shi kansa babban haunin Faris, Charles Sanson, ya goyi bayan inji, kuma hujjarsa ta mai sana'a ce. Ya ce takobi yakan dakushe in an sare kai ɗaya, sai an sake wasawa, kuma sara ba ya kyau sai wanda za a sare ya tsaya cak bai motsa ba. To ina za a sami wannan in mutane da yawa ne a layi, kowa na ganin jinin na gabansa? Sai wani likitan fiɗa, Antoine Louis, ya zana injin, wani Bajamushe mai ƙera kayan kiɗa, Tobias Schmidt, ya haɗa shi. Katako biyu ne a tsaye, da wuƙa mai kaifi a karkace wadda aka ɗora wa nauyi, a saki igiya ta faɗo. Aka gwada a kan tumaki da gawawwaki, aka ga ya yi. Ran 25 ga Afrilu 1792 aka fara da wani ɗan fashi mai suna Pelletier. Masu kallo suka watse suna gunaguni, wai abin ya yi sauri ba su ga komai ba. Sunan likitan da ya kawo shawara ya manne wa injin, ake ce masa gilotin, alhali shi bai zana ba bai ƙera ba.

Nan fa inda gizo ke saƙar. Abin da ya sauƙaƙa wa wanda ake kashewa, ashe ya fi sauƙaƙa wa mai kashewa. Kisan Damiens ya ci yini, yanzu kuwa ana iya gamawa da mutum ashirin kafin shayi ya huce. Sarki Luwi na 16 ya hau kan katakon ran 21 ga Janairu 1793, matarsa ta bi shi a watan Oktoba. A watan Yuni 1794 aka yi dokar da ta hana wanda ake tuhuma ɗaukar lauya, ta kuma ce alƙalai na iya yanke hukunci ba tare da sauraron shaidu ba. Cikin mako bakwai da suka biyo baya mutum 1,376 aka fille wa kai a Faris kaɗai. A faɗin ƙasar kuwa, hukuncin kisa da kotunan wannan zamani suka yanke ya kusa dubu 17. Shi Robesfiya, jagoran wannan aika-aika, ran 28 ga Yuli 1794 aka kwantar da shi a ƙarƙashin wuƙar da ya yi ta aika mutane. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Kada ka ɗauka labarin da ne kawai. Gwamnatin Hitila ta yi amfani da irin wannan inji ta kashe dubban Jamusawa, ciki har da wata ɗaliba 'yar shekara 21, Sophie Scholl, a 1943, laifinta raba takardun sukar gwamnati. Faransa ba ta daina kisa a fili ba sai a 1939. Mutum na ƙarshe da gilotin ya sare shi ne Hamida Djandoubi, ɗan Tunisiya, a birnin Marsai ran 10 ga Satumba 1977. A 1981 ƙasar ta soke hukuncin kisa.

AN KOMA BAYAN KATANGA

Ingila igiya ta riƙe. A farkon ƙarni na 19 laifuffukan da ake rataye mutum a kansu sun haura 200, har da satar kayan sule biyar a kanti. Ranar rataya kuwa kamar ranar kasuwa ce, ga masu talla, ga mashaya, ga 'yan sane suna lalubar aljihun masu kallo. Marubucin nan Charles Dickens ya je kallon rataye wani mutum da matarsa a Landan a 1849, ya dawo ya rubuta wa jarida wasiƙa, kuma abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ihu da shewar jama'a. Hukuma ta fahimci cewa wa'azin nan ba ya shiga, taurin zuciya ma yake ƙarawa. A 1868 aka mayar da rataya cikin gidan yari.

A da, mutum yakan daɗe yana shure-shure a jikin igiya kafin numfashi ya ɗauke. A 1872 wani mai gyaran takalma, William Marwood, ya shigo da dabarar auna nauyin mutum, a lissafa tsawon igiyar da za ta karya wuya nan take. In igiya ta gaza, mutum ya shaƙe a hankali. In ta yi yawa, kai ya fita. Kisa ya koma lissafi, har da jadawali a rubuce.

Amurka, da yake ƙasar ƙere-ƙere ce, ta ce ita da kimiyya za ta yi. Wani likitan haƙori a jihar Niyok, Alfred Southwick, shi ya kawo shawarar kujerar lantarki. Ran 6 ga Agusta 1890 aka ɗaure William Kemmler a kai, aka saki wuta daƙiƙa 17, likitoci suka ce ya mutu. Can sai aka ga ƙirjinsa na motsi. Aka sake sakin wuta har ɗakin ya cika da ƙaurin nama, wasu shaidu suka fita da gudu. A 1946 a jihar Luwiziyana wani yaro baƙar fata, Willie Francis, ya sha wutar bai mutu ba, aka mayar da shi kurkuku, aka sake ɗora shi a shekara mai zuwa. A 1924 jihar Nebada ta kawo ɗakin iskar guba. A 1982 jihar Teksas ta fara kisa da allura: a kwantar da mutum a gado kamar mara lafiya, a sa masa ruwa a jijiya, maganin barci ya fara shiga, sannan mai sandarar da jiki, sannan mai tsayar da zuciya. Ka lura da na tsakiyan nan. Mutumin da jikinsa ya sandare ba ya iya motsi ko ihu, ko da yana jin azaba. To wa wannan magani ya yi wa amfani in ba masu kallo ta bayan gilashi ba?

Ita ma allurar ba ta hana ɓacin rana ba. A 2014 a jihar Okalahoma, Clayton Lockett ya yi minti 43 kafin ya cika, saboda allura ta kauce wa jijiya. A 2022 a jihar Alabama aka yi ta neman jijiyar Kenneth Smith aka rasa, aka mayar da shi ɗaki. Ran 25 ga Janairu 2024 aka rufe masa fuska aka shaƙa masa iskar naitirojin, ya zama na farko da aka kashe ta wannan hanya, kuma waɗanda suka halarta sun ce ya yi mintuna yana jijjiga.

Akwai kuma ɓoyon hannu. A wasu ƙasashe in za a bindige mutum, sai a sa wa bindiga ɗaya harsashin da babu dalma, don kowane mai harbi ya ce wa ransa wataƙila ba nawa ne ya kashe ba. A Japan ma'aikata uku ke danna maɓallai uku a lokaci guda, ɗaya ne kawai ke buɗe ƙofar da ke ƙarƙashin ƙafar wanda za a rataye. Hauni na da kowa ya san fuskarsa, shi ma ya san abin da hannunsa ya yi. Na yau an rarraba aikin har an rasa wanda zai ce ni ne.

Mu a Nijeriya mun gwada komawa tsohuwar dabara. Bayan yaƙin basasa fashi da makami ya yi yawa, gwamnatin soja ta yi doka a 1970, aka riƙa ɗaure 'yan fashi a turke, gangunan yashi a bayansu, a bakin teku a Legas. Ran 8 ga Satumba 1971 dubban mutane suka taru kallon harbe Ishola Oyenusi. An harbe shi, an harbe da yawa bayansa, amma shekara 15 bayan nan sai ga Lawrence Anini ya hana garin Binin barci. Maganar Beccaria ke nan take dawowa. Albert Pierrepoint, wanda ya rataye mutum sama da 400 a hidimar gwamnatin Ingila, da ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1974 cewa ya yi bai ga alamar aikinsa ya hana kisan kai ba.

ABIN DA INJI BAI IYA GYARAWA BA

Duk wannan ƙoƙari na ƙarni biyu a kan minti biyar na ƙarshe aka yi shi. Alhali babbar matsalar tana can baya, a ofishin mai bincike da zauren alƙali.

Dubi Timothy Evans, direban mota ɗan shekara 25, wanda karatu ma bai ishe shi ba. An tsinci gawar matarsa da ta jaririyarsa a gidan da suke haya a Landan. Babban mai ba da shaida a kansa shi ne maƙwabcinsa na ƙasan bene, John Christie. Evans ya ce Christie ne ya yi, ba wanda ya saurare shi. Ran 9 ga Maris 1950 Pierrepoint ya rataye shi, cikin sauri da tsabta, yadda jadawali ya tsara. Shekara uku bayan haka sabon ɗan haya ya ɓamɓare bangon kicin ɗin Christie, sai ga gawawwakin mata uku. Aka tona ƙasan ɗaki aka sami matarsa, aka tona lambu aka sami ƙasusuwan wasu biyu. Christie ya amsa cewa shi ya kashe matar Evans. A 1966 aka yi wa Evans afuwa. Afuwa ga wanda ya shekara 16 a kabari, ai ihu ne bayan hari. Wannan shari'a tana cikin abin da ya sa Ingila ta dakatar da rataya kan kisan kai a 1965.

Dubi George Stinney, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 a jihar Karolina ta Kudu. Masu yanke hukunci, dukkansu farare, minti goma suka yi suna shawara. Aka ɗora shi a kujerar lantarki a 1944. Sai a 2014 wata alƙaliya ta soke hukuncin, ta ce ba a yi masa shari'ar adalci ba. Dubi Iwao Hakamada na Japan, wanda aka yanke wa kisa a 1968, ya yi shekaru sama da 40 yana jiran igiya kowace safiya, sai a 2024 kotu ta wanke shi yana da shekara 88, ta ce ƙirƙirar hujjojin aka yi. A Amurka kaɗai, daga 1973 zuwa 2024, mutum 200 aka wanke bayan an yanke musu hukuncin kisa. Waɗannan su ne waɗanda gaskiya ta riga hauni isowa.

Saboda irin wannan ne ƙasashe da yawa suka haƙura. A 1977 ƙasashe 16 kacal suka soke hukuncin kisa gaba ɗaya, a ƙarshen 2024 sun kai 113. Amma a wannan shekara ta 2024 ƙungiyar Amnesty ta ƙirga mutum 1,518 da hukumomi suka kashe, ban da na ƙasar Sin wadda ba ta bayyana adadinta.

Ni dai ban rubuta wannan don in ce ran wanda aka kashe ba shi da haƙƙi ba. Uwar da aka yanka wa ɗa, ko marayun da ɗan fashi ya bari, ba wanda ya isa ya ce musu kukansu banza ne. Shari'ar Musulunci ta ba su haƙƙin ƙisasi, amma ta ajiye diyya da afuwa a gefensa, ta kuma kwaɗaitar da afuwar. Malaman fiƙihu kuma sun kafa ƙa'ida cewa shubuha tana kawar da haddi, kuma gara shugaba ya yi kuskure wajen yafewa da ya yi kuskure wajen hukuntawa. Ka ga sun sa nauyin a kan hujja, ba su ɓata lokaci a kan tsawon igiya ba.

Don haka duk wanda ya ce a kashe, shi ya kamata ya fi kowa tsanantawa wajen tambaya. Yaya aka sami amsa laifin nan, da baki ko da kulki? Wane ne shaida, kuma me zai samu in an kashe wannan? Talakan nan ya sami mai tsaya masa, ko kuwa yaren kotun ma bai ji ba? In an ɗaure mutum bisa kuskure ana iya buɗe ƙofa a ba shi haƙuri, in an ci shi tara ana iya mayar masa da kuɗinsa. Rai kuwa zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa.

Allah Ya tsare hannuwanmu daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba, Ya ba alƙalanmu tsoronSa, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.